Ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ta yi sanyi: ta ina za mu fara gyara?

Tambaya:

Assalamu alaikum Baba. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar matasa ta taimakon kai da kai a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Mun kafa ta a 2016. A shekarun farko mun yi yasar lambatu, mun yi gyaran maƙabarta, muna rabon kunu da azumi, har wani bawan Allah ya haƙa mana rijiyar burtsatse, wadda yanzu ta lalace. Sunaye 140 ne a zaurenmu na WhatsApp, amma ranar taro da ƙyar mutum goma sha ɗaya ke zuwa. Kuɗin wata naira 200 ne, shi ma ba a biya. Shugabanmu tun kafuwa shi ne. Wasu na cewa mu yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ko ma samu tallafi, wasu na cewa a rushe kowa ya huta. Yaya za mu gane ko da sauran numfashi, kuma ta ina za mu fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi maka albarka. Magatakardan da ya ƙirga mutum goma sha ɗaya, abin ya yi masa zafi har ya zauna ya rubuto wasiƙa, shi kansa shaida ne cewa da sauran numfashi.

Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin ci gaban al'umma, daga cikin birni zuwa Mani, Mashi, Daura da Sandamu. Ƙungiyoyi irin taku na ci sunan wasu, na halarci jana'izar wasu. Masu cewa a garzaya CAC da masu cewa a rushe duk sun rubuta magani ba su auna majinyaci ba. Ku ware wata guda cur na awo. A cikin watan nan ba sabon aiki, ba zaɓe, ba ɗinkin riguna masu tambari. Mutum uku ko huɗu sun isa wannan aikin, amma a sa aƙalla ɗaya wanda ba ya cikin shugabanni, domin wadda ta yi miya da wuya ta yarda gishiri ya yi yawa. Kuma na ji daɗi da ka ce "taimakon kai da kai". A Katsinar yau in ka ce 'yan sa-kai, hankalin mutane kan masu gadin ƙauyuka yake tafiya, balle tun da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023. Ku riƙa fayyace aikinku a kan takardunku, kada wani jami'i ya ɗauke ku abin da ba ku ba.

Ku fara da mutane. Sunaye 140 ɗin nan cire su daga ranka. Zauren WhatsApp kasuwa ce: wani abokinsa ya jefa shi ciki, wani ya koma Legas tun shekara biyar, kunya ce ta hana shi fita. Ɗauko littafin taro da hotunan wata goma sha biyun da suka wuce, ka samu takarda ka ja layi uku. Na farko waɗanda suka zo da jikinsu suka riƙe shebur ko manjagara. Na biyu waɗanda suka ba da kuɗi, ko da sau ɗaya ne. Na uku waɗanda suka ba da sana'arsu, irin magini, mai walda, ma'aikaciyar jinya, ko mai a-kori-kurar da ya kwashe shara bai karɓi kuɗin mai ba. Duk wanda sunansa bai faɗa ko layi ɗaya ba masoyi ne, Allah Ya bar zumunci, amma ba da shi za ku yi lissafi ba. In kun tashi da mutum ashirin ku yi hamdala.

Daga nan sai tambayar da ta fi ciwo. In shugaba ya tafi Umara sati uku, ana taro? In ma'aji ya kwanta asibiti, akwai wanda ya san nawa ne a asusu? Yawancin ƙungiyoyin da na ga mutuwarsu ba talauci ya kashe su ba. Aikin ne ke tattarewa a kan mutum biyu ko uku, su gaji, su fara gori, sauran su ji haushin gorin su ƙara ja da baya, har ranar da ɗayan ukun ya yi aure ko aka yi masa canjin wurin aiki. Shi ke nan, sai labari.

Goma sha ɗaya kuwa ba kaɗan ba ne. Gayyar da iyayenmu ke yi ta noma, ko ta yasar rijiya, ko ta ɗora jinka, ba ta da kundin tsarin mulki. Rana ake sawa, aikin kowa na ganinsa da ido, akwai fura, a gama a watse kowa ya san abin da aka yi. Mu 'yan zamani muka ɗauki taro muka yar da gayya. Sai ka ga an yi awa uku ana karanta rahoton taron baya, ana musu kan tarar makara, a tashi ba a sa ranar ko aiki ɗaya ba. Taron tsintsiya ke nan, ba shara. Duba littafinka ka ƙirga mini: a bara taro nawa kuka yi, fita aiki nawa kuka yi?

Awo na biyu da ƙafa ake yinsa, gani ya kori ji. Ku rubuta duk aikin da kuka taɓa yi tun 2016, ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ku tsaya a gaban kowanne. Na taɓa raka wasu matasa irin wannan zagaye a wani gari da ba zan ambata ba. Muka isa rijiyar burtsatsensu mai sola da hantsi. Allon da ke ɗauke da sunan ƙungiya yana nan fes, fentinsa ko kwarzane babu. Faifan sola ya sha ƙurar hunturu har ana iya rubutu a kai da yatsa. Kawunan famfo shida, huɗu an kwance, biyu an ɗaure da roba. Muna tsaye wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta wuce mu da jarka, ko kallon tankin ba ta yi ba, ta nufi wajen 'yan ga-ruwa. Na tambayi shugaban yaushe ruwan ya tsaya, ya ce "bai daɗe ba". Wata dattijuwa da ke tuyar ƙosai a gefe ta ce tun kafin azumin bara. Da aka kira mai gyara, ashe waya ce ta ƙone a akwatin sarrafa wuta, kuma kuɗin gyaran bai kai abin da aka kashe kan allon ba. Wata goma sha huɗu unguwa na sayen ruwa saboda makullin akwatin yana hannun wani da ya koma Abuja, kuma ba wanda aka ce masa "kai ne mai kula da rijiyar nan".

Don haka a gaban kowane aiki ku tambayi abu uku: yana aiki yau? Wa ke kula da shi, da sunansa? In ya lalace gobe, daga wane aljihu za a gyara? Aikin da bai da amsar na biyu da na uku, ranar buɗe shi aka fara haƙa kabarinsa.

Yasar lambatu ma tana da nata awon, kuma ba yawan mutanen da ke cikin hoto ba ne. Ruwan Katsina daga Yuni zuwa Satumba yake, ya fi ƙarfi a Agusta. Ƙungiyar da ta fito da shebur a tsakiyar Agusta bayan ruwa ya ci gidaje ta fafe gora ranar tafiya. A watan Mayu ake yasa, a sake bi a Yuli. Kuma kowa ya san abin da muke yi: a fito da dagwalon a jibge a bakin lambatu, a ɗauki hoto, a watse, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. In ba ku shirya tifa ko amalanke da za su kwashe a ranar ba, kada ku fara. Awon gaskiya shi ne ku je layin da ya fi gangare a unguwarku, ku tambayi gida-gida: bara ruwa ya shiga? Bana fa? Wanda ya ga abin da ambaliya ta yi a Jibiya a watan Yulin 2018, inda fiye da mutum 40 suka rasu a dare ɗaya, ba ya ɗaukar hanyar ruwa abin wasa.

Kunun azumi kuwa, ku tambayi kanku wa ke sha. Sau da yawa wanda ke da ƙafar zuwa ƙofar masallaci shi ke samu, har da wanda a gidansu an dama. Tsohuwar da ba ta fita, da matar da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, suna cikin gida ba wanda ya san da su. Ku maza iyakarku zauren gida. Ban ga ka ambaci mace ko ɗaya a wasiƙarka ba, kuma ina zaton nan ma akwai ɓaraka. Malamar Islamiyyar matan aure da ungozomar unguwa sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, sani irin wanda ku ba za ku taɓa samu ba. Ba sai kun haɗa taro ɗaya ba in hakan bai dace da unguwarku ba. Su yi nasu zaman, su zaɓi tasu shugabar, amma a ba su murya a kan kuɗi da kan jerin waɗanda za a taimaka, kada a mayar da su masu girki kawai.

Awo na uku shi ne wanda kowa ke gudu: waɗanda suka daina zuwa. Ku zaɓi goma cikin waɗanda da can suna gaba-gaba, a bi su har inda suke, zumunta a ƙafa take. Kada a tambaye su a WhatsApp, kuma kada shugaba ya je. Wanda ya je ya gaisa, ya yi tambaya ɗaya, ya ja bakinsa ya yi shiru, ba kare kai. Na taɓa zama a shagon wani tela kusan awa guda a kan wannan. Da farko ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Ya ci gaba da taka keke, ni ma ban ce komai ba. Can da ya zo canza zare, bai ɗago kai ba ya ce, "Alhaji, ranar da mahaifiyata ta rasu, ƙungiyar da na yi wa ɗinkin riguna kyauta ko mutum ɗaya bai zo ba. A zaure aka rubuta Allah Ya jiƙanta, aka sa hoton hannu biyu." Shekara biyu ana cewa tela ya yi girman kai.

Za ku ji abubuwa iri-iri: ana sa taro ƙarfe huɗu a fara ƙarfe biyar da rabi, manya sun hana yara magana, an ga shugabanni a gidan wani ɗan takara. Amma in mutum uku daban-daban suka yi maka hannunka-mai-sanda kan kuɗi, to ka samo ciwon. Ba a faɗar wannan kai tsaye a garinmu. Za a ce maka "ai ka san harkar jama'a", ko "mu dai Allah Ya sa a gama lafiya". Ka fahimta.

Bari in daɗe kaɗan a kan kuɗin, don nan ne yarda ke rayuwa, nan take mutuwa. Naira 200 ta 2016 ba ita ce ta yau ba. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 3,000 kafin 2020, a 2024 sai da ya taɓa 10,000 har ya wuce. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin tifa da na komai ya bi. Amma kada ka ɗauka ƙarin kuɗin wata ne mafita. Mutumin da ya hana ka 200 yana sayen katin waya na 500 a ranar, ba rashi ya hana shi ba, bai san inda 200 ɗin bara ta shiga ba ne. Dubi uwar adashi a cikin gidajenmu. Wata ko karatun boko ba ta yi ba, amma mata talatin na zuba mata kuɗi duk sati shekara da shekaru, saboda kowa ta san ranar kwasarta, kuma ranar ba ta taɓa wucewa.

To ku tambayi ma'ajinku, cikin mutunci: ina littafi? Kuɗin a ina suke kwana? In amsar ita ce suna cikin asusunsa na kansa, inda kuɗin cefanensa ke shiga su fita, to ko waliyyi ne an jefa shi cikin zargi, kuma ku kuka jefa shi. Gyaran ba wuya. Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi, hagu shiga, dama fita, kowane layi da kwanan wata. Rasit mai lamba ga duk wanda ya ba da ko naira 100. Kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku, kuma kada ukun su zama 'yan gida ɗaya. Ranar ɗaya ga kowane wata a ɗauki hoton shafin a sa a zaure, ko da abin da ke ciki naira 3,500 ne. Ƙanƙantar kuɗin ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke jawo zunɗe. Duk wata shida mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su bi littafin da rasit. Wanda ya ce wannan rashin yarda ne, a tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma a kan Sahabbai ta sauka.

Wani abu da ake yawan sakaci da shi: in wani ya ba ku zakka, kada ta haɗu da kuɗin wata. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas da ake ba zakka, kuma malamanmu na Malikiyya ba su yarda a yi gini ko gyaran hanya da ita ba. Haka kuɗin da aka ce na marayu ne, na marayu ne, ba a ranta a sayi baro. Kowanne da shafinsa.

In kuka buɗe littafin baya kuka tarar da rami, kada a kai maganar zaure, kada a kira kowa ɓarawo. A zauna mutum huɗu a gaban liman ko wani dattijon da kowa ke jin nauyinsa, a yi lissafi, abin da za a iya biya a sa masa lokaci, abin da ya ɓace saboda rashin rubutu a yafe, a ja layi a buɗe sabon shafi. Unguwa ɗaya kuke, gobe za ku haɗu a sahu ɗaya.

Sai maganar shugaba. Mutumin da ya riƙe ƙungiya kusan shekara goma ba maƙiyinku ba ne. Ina kyautata zaton ya sha kashe na aljihunsa ba wanda ya sani, kuma mai yiwuwa shi ma ya gaji, tsoron kada abin ya rushe a bayansa ne ya hana shi sauka. Sai dai ƙungiyar da ba ta taɓa canza shugaba ba, ba ta san ko ƙungiya ce ko shagon mutum ɗaya ba. Dubi Rotary, ƙungiyar taimakon al'umma ta duniya, wadda aka kafa a Chicago ta Amurka a 1905, kuma reshenta na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961. Shugaban kowane reshe shekara ɗaya yake yi, ranar 1 ga Yuli sabo ke karɓa, kuma tun kafin nan an san magajin, yana biye da mai ci yana koyo. Tsarinsu na masu hali ne, ba duka zai yi muku ba, amma wannan ɗaya ya cancanci aro. A wurinmu shekara ɗaya ta yi kaɗan. Na fi ganin biyu, in an sake zaɓen mutum ya ƙara biyu, daga nan ya huta. Kuma kada ku tayar da maganar a tsakiyar taro. Ku same shi a zaurensa bayan Isha'i, ku uku da dattijo ɗaya, ku fara da godiya, ku roƙe shi ya zama uban ƙungiya, ya jagoranci rubuta ƙa'idar wa'adi da hannunsa. Wanda aka ɗaga sama ba ya jin an ture shi. Kai ma, magatakarda, wa'adin ya hau kanka.

Bayan awo, ku ajiye komai ku riƙe aiki guda. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma ban ga abin da ya fi wannan dacewa da mutum goma sha ɗaya ba. Da ni ne, rijiyar nan zan fara da ita, saboda sunanku na jikinta, kuma duk wanda ya wuce ya gan ta a bushe ya yanke muku hukunci. A gyara, a naɗa mata mai kula da mataimaki daga gidajen da ke kusa, makulli biyu, a sa ɗan abin da za a riƙa biya kan jarka, ƙasa da na 'yan ga-ruwa, ya tafi asusun gyara kaɗai. Wasu za su ce ai sadaka ce, ba a sayar da ita. A nuna masu watannin da ta yi a bushe.

In kuna son na biyu wanda kusan ba ya cin kuɗi, ku buɗe rajistar masu ba da jini. Lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana iya bayarwa. Leda ɗaya kusan mililita 450 ce, namiji na iya sakewa bayan wata uku, mace bayan huɗu. Ku je asibiti a gwada rukunin jinin kowa, a rubuta suna da rukuni da ranar da ya bayar na ƙarshe, littafin ya zauna a hannun mutum biyu. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yara, ko daren da mai haihuwa ta zubar da jini a asibitin Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, kiran waya ɗaya ya isa. A nan ne ma sunaye 140 ɗin nan za su yi rana, domin wanda ba zai zauna taron awa uku ba sau da yawa zai miƙa hannu a ɗebi jini. Dashen itace kuwa, in kun shiga, kada ku ƙirga abin da kuka dasa. Ku ƙirga bedi nawa suka tsira daga awaki da rani zuwa watan Mayu mai zuwa.

Yanzu CAC. Rajista ba ta kawo tallafi, nauyi take kawowa. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ƙungiya irin taku tana shiga ne a matsayin amintattu masu rajista. Ana buƙatar amintattu biyu ko fiye, da kundin tsarin mulki, da sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan an ba ku takarda, duk shekara sai kun kai rahoto tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, in kun yi sakaci tara na taruwa. Banki kuma, kafin ya buɗe muku asusu da sunan ƙungiya, zai nemi lambar haraji, kuma galibi har da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Ƙungiyar da ba ta iya riƙe littafin naira 200 ba, wannan kaya zai danne ta. Kuma duk mai ba da tallafi na gaskiya, kafin ya kalli takardar CAC sau biyu, littafin kuɗinku zai ce ku kawo, ya ce ku kai shi ya ga aikin da kuka yi da kuɗinku.

Shawarata ku fara daga ƙasa. Mai unguwa ya san da ku, ya kai ku gaban hakimi, ku yi rajista a sashen da ke kula da ƙungiyoyi a ƙaramar hukuma. Ku nemi kwamitin lafiya na mazaɓarku da kwamitin kula da makarantar firamaren unguwa, ku ji abin da suke ciki, kada ku maimaita aikin da wani ke yi. In kun cika shekara guda da littafi mai tsabta, kun yi zaɓe lafiya, rijiya na zuba, to a je CAC. Ku yi hattara da masu yawo da fom suna cewa an turo tallafi daga waje, a biya kuɗin rajista. Ni kaina a farkon aikina na taɓa tara wa irinsu kuɗin ƙungiyoyi uku, har yau ban sake ganin ƙeyar mutumin ba, sai albashina na yi wata huɗu ina biya.

'Yan siyasa za su zo, musamman in zaɓe ya ƙarato kuma suka ga rijiya na zuba. Wanda ya kawo siminti a karɓa, a rubuta a littafi, a yi masa godiya a fili kamar kowa. Amma ba fosta a jikin tanki, ba "ƙungiya ta yi mubaya'a". A cikinku akwai 'yan kowace jam'iyya, kuma ranar da aka faɗi zaɓe ƙungiyar da ta jingina da mutum tare suke faɗuwa. Hotuna ma a rage. Hoton lambatu kafin yasa da bayan yasa, wannan hujja ce. Hoton maraya riƙe da atamfa an sa shi ya kalli kyamara, wannan ku sake karanta aya ta 264 a Baƙara kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Yaron nan zai girma, hoton kuma yana nan a Facebook.

Masu cewa a rushe, ba kullum suke kuskure ba. In bayan watan awo kuka nemi mutum biyar da za su ce "ni na ɗauki kaza, zuwa rana kaza" ba ku samu ba, to a yi lissafi a fili, a miƙa shebur da baro da abin da ya rage ga kwamitin masallaci ko na maƙabarta, a yi addu'a a watse ana gaisawa, wannan shi ne amfanin yin abin a fili. Amma daga abin da ka rubuto ban ga kun kai nan ba.

Ranar Juma'ar nan bayan La'asar, kada ka kira taro. Ka ɗauki mutum biyu da mai gyaran famfo ku je gindin rijiyar, a buɗe a ga abin da ya lalace, ya rubuta muku kuɗin gyara a takarda. Ka tambayi matan gidan da ke kallon tankin yaushe ruwan ya tsaya, kuma nawa suke sayen jarka yanzu. Ka ɗauki hoton takardar ka sa a zaure ba tare da dogon bayani ba, ka ga su wa za su yi magana. Sai ka rubuto mini abin da mai gyaran ya ce, da sunaye nawa suka faɗa layuka ukun nan, mu ɗora daga nan in Allah Ya kai mu.